Finafinan Faɗa: Wa Ke Ƙirga Gawarwakin da Jarumi Ya Bari a Baya?

Duk wanda ya je wurin masu tura fim a waya ya ce a zuba masa na faɗa, da wuya ya koma gida ba tare da ɗayan iri biyu ba. Ko dai na makashin haya da aka taɓa masa wani abu nasa ya fito ɗaukar fansa, ko kuma na sojojin da ke kare duniya daga wasu halittu da suka sauko daga sararin samaniya. Ni mai kallon waɗannan finafinai ne tun zamanin kaset, lokacin da Komando da Rambo suke tashe, kuma har gobe ina jin daɗinsu. Amma abin da na daɗe ina lura da shi, wanda nake so mu tattauna, shi ne iri biyun nan haja ɗaya suke sayar mana: abokin gaban da za a kashe shi zuciyar mai kallo ba ta ko motsa ba.

Mu fara da John Wick, wanda ya fito a 2014. Keanu Reeves ya fito a matsayin Wick, tsohon makashin haya da ya ajiye bindiga ya yi aure. Matarsa ta rasu bayan jinya, ta bar masa ɗan kwikwiyo don ya ɗebe masa kewa. Sai ɗan wani uban 'yan daba Barashe ya gan shi a gidan mai, ya ƙyalla ido a kan motarsa ƙirar Mustang ta 1969, ya taya, aka ce ba ta sayarwa ba ce. Da dare yaron ya haura gidan da abokansa, suka yi masa dukan kawo wuƙa, suka kashe kwikwiyon, suka tafi da motar. Da gari ya waye Wick ya binne karensa, sannan ya ɗauki guduma ya farfasa daɓen simintin da ya binne makamansa a ƙarƙashi. Kafin fim ɗin ya ƙare ya kashe mutum fiye da 70.

Ba za a raina aikin da aka yi ba. Daraktan, Chad Stahelski, shi ne wanda ya riƙa tsaya wa Keanu Reeves a wuraren haɗari a fim ɗin The Matrix na 1999, don haka ya san faɗa ciki da waje. Yakan ja kyamara baya ya bar ka ka ga jikin ɗan wasan gaba ɗaya, ka ga ya kayar da mutum, harsashi ya ƙare masa, ya tsaya ya sake ɗurawa. Ba ya yawan yayyanka hoto don ya ɓoye gazawa. Shi ya sa duniya ta karɓi fim ɗin, aka yi na biyu a 2017, na uku a 2019, na huɗu a 2023, kuma jimillar kuɗin da suka kawo ta haura dala biliyan ɗaya.

To amma akwai wani ɗan wuri a fim na farko da ya fi tsaya mini a rai. Wick ya isa ƙofar wani gidan rawa inda yaron da yake nema ya ɓuya. Ya ɗora wa mai gadin ƙofar bindiga a ƙeya, sai ya zama ya san shi, sunansa Francis. Suka gaisa, ya yaba masa yadda ya rage ƙiba, ya ce ya tafi gida ya huta. Mutumin ya cire abin sauraron da ke kunnensa, ya yi godiya ya wuce. Da Wick ya shiga ciki kuwa, sai ya riƙa zubar da sauran masu gadin ɗaya bayan ɗaya. Aikinsu ɗaya da Francis, ubangidansu ɗaya, babu ko ɗayansu da ya taɓa karen. Bambancin kawai shi ne shi an ba shi suna, su ba a ba su ba. Nan dabarar take. Wanda aka sanar da kai sunansa mutum ne, wanda ba a sanar da kai ba lissafi ne kawai.

Gaskiya labarin da kansa bai ɓoye cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi ba. A na biyu Wick ya karya dokar otal ɗin Continental, inda aka haramta wa makasa zubar da jini, aka sa kuɗi a kansa, ya zama abin farauta. A na huɗu ya ƙare kwance cikin jini a kan matakalar wani coci a birnin Faris. Bai dawo da matarsa ba, bai dawo da karen ba, abokansa da dama sun mutu ta dalilinsa. Sai dai yaron da ya fito daga gidan kallo ba wannan yake riƙewa ba. Abin da yake kwaikwaya a lungu shi ne yadda akta ke riƙe bindiga kusa da ƙirji.

Finafinan baƙin halittu sun ma fi sauƙaƙa lamarin. A Independence Day na 1996, wanda ya kawo fiye da dala miliyan 800 kuma ya fi kowane fim ciniki a shekarar, wani ƙaton jirgi ya rufe sararin Washinton ya tarwatsa fadar shugaban Amurka. A Battle: Los Angeles na 2011 sojojin kundumbala ne ke bi titi-titi suna musayar wuta. A Edge of Tomorrow na 2014 Tom Cruise yana mutuwa yana sake farkawa a rana ɗaya har ya gano lagon maƙiyan. A duk cikinsu abokin gaba ba shi da uwa, ba shi da jana'iza, ba a sulhu da shi. Ka kashe dubu, babu mai tambayar ka. Yaƙi ya zama tsarkakakke, kuma mai ceto kusan kullum yana sanye da kakin sojan Amurka.

Abin mamaki, tushen wannan labari ba haka yake ba. Marubucin Ingila H. G. Wells, wanda ya fitar da littafin The War of the Worlds a 1898, ya tunatar da masu karatunsa tun a babin farko abin da Turawa suka yi wa mutanen tsibirin Tasmaniya, inda suka kusa shafe su daga doron ƙasa. Nufinsa Bature ya ɗanɗani yadda ake ji idan wani mai makamin da ya fi naka ya sauka a ƙasarka bai ɗauke ka mutum ba. Shekara biyar bayan littafin, a 1903, sojojin Birtaniya suka ci Kano da Sakkwato da bindigogin da kakanninmu ba su da irinsu. Mu jikokin waɗanda aka mamaye ne, ya kamata mu fi kowa gane wannan darasi. Hollywood ta ɗauki labarin ta cire darasin ta bar harbin.

Mun kuma taɓa ganin yadda abin yake idan mu ne aka cire wa fuska. Fim ɗin District 9 na 2009, wanda aka shirya a Johannasbag, ya yi ƙoƙari ya nuna baƙin halittun a matsayin abin tausayi, waɗanda aka killace a unguwar marasa galihu. Amma a cikinsa 'yan Najeriya ne 'yan daba, masu fataucin makamai da tsafi da cin naman halittun. Ministar yaɗa labarai ta lokacin, marigayiya Dora Akunyili, ta sa a daina nuna shi a gidajen sinima, ta kuma nemi kamfanin Sony ya ba da haƙuri. Abin ya yi mana ciwo, don mun san mu ba haka muke ba. Irin wannan ciwon ya kamata mu tuna duk lokacin da aka nuna mana wasu mutane a dunƙule aka ce duk miyagu ne.

Ban ce fim ne ke haddasa kashe-kashe a ƙasarmu ba. Talauci da rashin adalci da yawaitar makamai sun fi shi laifi nesa ba kusa ba. Amma tunanin iri ɗaya ne. A kashe mutum ɗaya a wani gari, washegari a je a ƙona rugar ko ƙauyen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, a ce ai duk su ne. Addininmu bai yarda da haka ba. Ƙisasi yana hannun alƙali, a kan wanda ya yi kisan kaɗai, kuma an buɗe ƙofar diyya da afuwa, aka ce afuwar ta fi lada.

Don haka ina kira ga iyaye su san abin da ke cikin wayoyin 'ya'yansu, domin a Amurka ma John Wick ba fim ɗin yara ba ne. Idan kun kalla tare, ku tambaye su laifin masu gadin nan da Wick ya kashe. Masu fassara finafinai zuwa Hausa, ku rage kirarin da kuke yi wa jarumi a kan kowace gawa. Marubutan finafinanmu na Hausa kuma, idan za ku ba da labarin fansa, ku kai mu gidan wanda aka kashe mu ga matarsa da marayunsa. Mu kalli fim mu nishaɗantu, amma kada mu bari ya koya mana cewa akwai ran da ba shi da daraja.