Mi ya sa zomonka ke gudun ka?

Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa. Karin magana ne, amma duk mai kiwon zomaye ya san lalle zomo ba ya son rataya.

Ka sayo ma yaronka zomo a kasuwa. Kullum kana ba shi dusa da harawa da ruwa. Amma da ka miƙa hannu sai ya ruga lungu. In ka kama shi ya yi ta shure-shure, har ya yakushe ka. Sai ka ce ba ya da godiya. Ni dai a ganina ba laifinsa ba ne, mu ne ba mu gane shi ba.

Zomo abin farauta ne. Shaho na son shi, kare na son shi, mussa da maciji na son ƴaƴansa. Dubi idanunsa, a gefen kai suke, don ya hango abin da ke tahowa daga baya ko daga sama. Amma dab da hancinsa ba ya gani sosai. Shi ya sa hannunka ke firgita shi.

To, a daji wa ke ɗaga zomo sama? Sai wanda zai ci shi. Mussa takan ɗauki ƴaƴanta da baki, su saba tun suna ƙanana. Uwar zomo ba ta yin haka. Saboda haka in ƙafafunsa suka bar ƙasa, shi a wurinsa mutuwa ce ta zo. Ko da ya yi tsit a hannunka, kada ka ce daɗi yake ji. Sau da yawa tsoro ne ya daskarar da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗauka da kunnuwa. Haka muka tarar ana yi, amma mu bari. Kunnen zomo cike yake da jijiyoyin jini, ta nan yake rage zafin jikinsa, kuma kun san zafin ƙasarmu a watan Afirilu. Ga shi ƙasusuwansa ba su da kauri, ƙafafun baya kuwa ƙarfi gare su. In yana reto ya yi shuri ɗaya mai ƙarfi, ƙashin bayansa na iya karyewa. Shi ke nan, ya shanye, sai yanka. Ka yi hasara, yaro ya yi kuka. Mace mai jego kuma, in ana yawan firgita ta, tana iya watsar da ƴaƴanta.

Kana so ya saba da kai? Zauna ƙasa kusa da shi da maraice, lokacin da yake kiwo. Riƙe ganyen salati ko karas, ka yi shiru. Bar shi ya zo da kansa ya shinshina. In ya buga ƙasa da ƙafar baya, tsoro yake ji, ka ja baya. Abin yakan ɗauki kwanaki, wani ma makonni.

In ɗaukar ta zama dole, sa hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirjinsa, ɗayan ya tallabe gindinsa, ka manna shi a jikinka. Ka nuna ma yara haka, kuma su riƙa yi a zaune.