A Daina Yanke wa Matuƙi Hukunci Yana Cikin Kabari

Wanda ke zaune a Kazage, Kuyello ko Dogon Dawa a yankin Birnin Gwari ya san rugugin jirgin yaƙi ba sai an faɗa masa ba. Shekara da shekaru jiragen sojan sama na shawagi a kan dazukan Kamuku da Kuyambana suna farautar 'yan bindigar da suka hana noma, suka tare hanyar Kaduna. Matasan da ke tuƙa jiragen nan ba dukansu ke komawa gida ba. Damuwar wannan jarida a yau ita ce abin da ake yi da sunansu bayan an binne su.

A 2021 kaɗai, jirgin soja samfurin King Air ya faɗi a Abuja ranar 21 ga Fabrairu da mutum 7, a hanyarsa ta zuwa Minna don aikin neman ɗaliban Kagara da aka sace. Ranar 21 ga Mayu wani irinsa ya faɗi dab da filin jirgin Kaduna, ya hallaka Babban Hafsan Sojan Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, da mutum 10. A Yuli 'yan bindiga suka harbo jirgin Alpha Jet a kan iyakar Zamfara da Kaduna. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya diro da lema, ya keta daji cikin dare har ya kai ga sojoji. Shi da ya rayu ya faɗi abin da ya same shi da bakinsa. Da ya mutu a dajin nan fa, me za a rubuta a fayil ɗinsa, kuma wa zai musa?

Ba a banza muka yi tambayar ba, don mun ga yadda ake yi. Ranar Lahadi 29 ga Oktoban 2006 jirgin ADC mai zuwa Sakkwato ya faɗi a Tungar Madaki jim kaɗan da tashinsa daga Abuja. Mutum 96 suka rasu, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Ana cikin zaman makoki ministan sufurin jiragen sama, Babalola Borishade, ya fito ya ce matuƙin ne ya ƙi jin shawarar masu kula da tashi da sauka game da yanayi. Ba a ko saurari baƙin akwatin jirgin ba. Da cikakken rahoto ya fito bayan fiye da shekara shida, ya kama matuƙan da laifin tashi cikin hadari, gaskiya ne, amma ya kuma nuna horon da kamfanin ya ba su a kan iskar da ke juyawa farat ɗaya bai wadatar ba. Wannan rabin maganar mutum nawa ne suka ji shi? Ta minista ce ta zauna a kunnen jama'a.

Na Gwammaja ya fi ɗaure kai. Jirgin EAS da ya rikito kan gidajen mutane a unguwar Gwammaja da ke Kano ranar 4 ga Mayun 2002 an ce kuskuren matuƙa ne, sun zarce ƙarshen titin tashi, injuna suka shaƙi ƙura. To amma masu binciken ba su sami wani bayani mai amfani daga na'urorin naɗar bayanan jirgin ba. Wa ya bar jirgin fasinja yana ɗibar mutane a haka? Wannan ba aikin matuƙi ba ne, aikin kamfani ne da hukumar da ke sa masa ido.

Ba muna cewa matuƙi ba ya kuskure ba. Yana yi, kuma idan hujja ta tabbata a faɗa, ko ɗan wane ne. Sai dai laifi tudu ne. Wanda ya sayo jirgin, da wanda ya sa hannu a takardar gyara, da kwamandan da ya ce a tashi ko ana ruwa, duk suna raye, kuma sau da yawa daga cikinsu ko daga abokan aikinsu ake zaɓo 'yan kwamitin bincike. Mutum ɗaya ne ba ya zauren.

A Birtaniya an yi irin wannan, kuma iyalai suka ƙi haƙura. Ranar 2 ga Yunin 1994 jirgin soja mai saukar ungulu samfurin Chinook ya daki tsauni cikin hazo a Mull of Kintyre da ke Sikotlan. Duk mutum 29 da ke ciki suka mutu, akasarinsu manyan jami'an leƙen asiri da ke aiki a Ailan ta Arewa. Jirgin ba shi da baƙin akwati, kuma tun kafin hatsarin masu gwajin jiragen soja sun nuna shakku a kan manhajar da ke sarrafa injinsa. Kwamitin bincike bai kama matuƙan, Jonathan Tapper da Richard Cook, da sakaci ba, amma manyan hafsoshi biyu da suka duba rahoton, John Day da William Wratten, suka yanke cewa mummunan sakaci ne. Dokar rundunar sojan saman ƙasar a lokacin kuwa ta ce ba a kama mamaci da sakaci sai in babu ko ɗigon shakka. Da wannan doka iyayen matuƙan suka yi ta ƙwanƙwasa ƙofofi. A 2002 wani kwamitin Majalisar Dattawa ya ce hukuncin ba shi da madogara, ma'aikatar tsaro ta yi kunnen uwar shegu. Sai a Yulin 2011, bayan bitar da tsohon alƙali Lord Philip ya jagoranta, ministan tsaro Liam Fox ya soke hukuncin a gaban majalisa, ya ba iyalan haƙuri. Shekara 17.

Abin da ya ba su damar ja shi ne takardun suna hannunsu: sun karanta, sun kai wa masana, sun nuna inda aka kauce. A nan fa? Hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta miƙa wa rundunar sojan sama rahoton wucin gadi a kan jirgin Attahiru a Satumban 2021, amma ba a bayyana wa jama'a cikakken sakamako ba. Haka jirgi mai saukar ungulu da ya faɗi kusa da Chukuba a Shiroro, maƙwabtan Birnin Gwari, ranar 14 ga Agustan 2023, yana ɗauke da sojojin da aka raunata: runduna ta ce ana bincike, 'yan bindiga suka saki bidiyo suna iƙirarin su suka harbo shi. Inda aka yi shiru, jita-jita ke cike gurbin, kuma wanda aka fi sauƙin shafa wa kashin kaji shi ne wanda ke riƙe da sitiyari.

Mun san akwai sirrin tsaro. A rufe abin da ya shafi dabarun yaƙi, a fitar da dalilin faɗuwa. Muna kira ga Majalisar Tarayya, musamman wakilin Birnin Gwari da Giwa da sanatocin Kaduna, su kawo doka mai ƙa'ida irin ta Birtaniya: kada a kama matuƙin da ya rasu da sakaci sai da hujjar da ba ta da shakka, a ba iyalinsa rahoto a rubuce da damar kai ƙorafi gaban kwamitin da ba na rundunarsa ba, kuma a hana kowane minista ko kakaki furta dalilin hatsari kafin masu bincike su gama. Rundunar sojan sama kuma ta fara da fitar da rahoton jirgin Kaduna na 21 ga Mayun 2021.