Na'urar Awo Da Ba Ta Jiran Batir

Tsofaffin ɗalibanmu za su tuna da ɗan akwatin awon yanayi da wani bawan Allah ya ba makarantar nan kyauta. Yana auna zafi da danshin iska, yana aiko da sakamakon zuwa ɗakin gwaje-gwaje ba tare da waya ba. Mun yi murna da shi ƙwarai. Sai aka tafi dogon hutu, batir ya ƙare a tsakiyar Agusta, ba kowa a makaranta sai maigadi. Da muka dawo, awon watan da ya fi kowane ruwa a shekarar babu shi. Na'urar lafiyarta ƙalau, batir biyu na tocila kawai ta rasa.

Abin da ya same mu da akwati ɗaya shi ne ke damun masu kula da muhalli a ko'ina. Suna so su baza ƙananan na'urori ɗari ko dubu, a ƙarƙashin gada, cikin ramin haƙar ma'adinai, cikin masana'anta, su riƙa auna hayaƙi da ƙura da zafi da tsayin ruwa. Sayen na'urorin ba shi ne wahala ba. Wa zai riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya yana sauya batir? Kuma ina za a zubar da matattun batir ɗin? Shi ya sa masana suka koma neman wuta daga abin da ke kewaye da na'urar, har da girgiza. Ra'ayina shi ne wannan dabara ce ta gaske, amma gonarta ƙarama ce, kuma masu yi mata kirari sukan wuce gona da iri.

Tushen abin ba sabo ba ne, yana cikin darasin aji biyar. A 1831 Michael Faraday ya nuna cewa idan maganaɗisu ya motsa kusa da naɗaɗɗiyar waya, lantarki zai bi wayar. To, a rataye maganaɗisu a jikin sifirin, a sa shi cikin naɗin waya, a ɗaure a jikin inji: duk kaɗawar injin tana ba da 'yar wuta. Hanya ta biyu kuwa, a 1880 wasu 'yan'uwa biyu a Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa akwai duwatsu irin su kwaz waɗanda idan aka matse su sai su ba da lantarki. Ana kiran wannan fiyezo. Duk wanda ya taɓa danna laita mai ƙas ya ga tartsatsi ya riga ya yi amfani da shi, ko da bai san sunansa ba.

Amma nawa ne wutar? Nan ne nake so ɗalibai su ɗauki biro. Ƙaramar na'ura mai girman kan ɗan yatsa, a jikin inji mai kaɗawa daidai, a ce ta ba da mikrowat 100. Mikrowat ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na wat. Batirin wayar hannu na yau yana ɗaukar kamar jul 54,000. Ku raba ku gani: za a yi shekara 17 kafin a cika shi sau ɗaya. Saboda haka idan wani ya ce muku za a haska gari da takun masu tafiya, ku tambaye shi lissafi. An gwada irin wannan daɓe a tashar jirgin ƙasa ta Tokyo daga 2006, inda dubban mutane ke wucewa kullum, abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

To, ina amfanin ɗigon wuta irin wannan? Amfaninsa ya fito ne domin na'urorin awo sun koyi tattali. Na'urar zamani barci take yi kusan dukan yini. Wutar tana taruwa a cikin kafasita, kamar tulu a ƙarƙashin famfo mai ɗiga. A cikin minti 10, mikrowat 100 ɗin nan ya tara jul 0.06. Wannan ya isa ta farka, ta auna zafi, ta aika ɗan gajeren saƙo ta rediyo mai cin dogon zango irin LoRa, ta koma barci. Ba a bukatar a san danshin iska sau dubu a minti ɗaya. Sau shida a awa ya wadatar.

Akwai wani sharaɗi wanda masu talla ba su cika faɗa ba. Ku tuna da lilo. Idan kana tura ƙaninka a kan lilo, sai ka tura a daidai lokacin da ya dawo, sannan zai yi sama. In ka tura barkatai, wahalar banza za ka sha. Haka sifirin ɗin na'urar yake: yana da adadin kaɗawar da ya dace da shi, in girgizar ta kauce ko da kaɗan, wutar sai ta faɗi warwas. Shi ya sa abin ya fi kyau a jikin injin da ba ya sauya gudu. Wutar lantarkin ƙasarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka mota mai jan famfo ko taransifoma suna da kaɗawar da aka sani tun kafin a je. A Ingila, wani kamfani mai suna Perpetuum da ya fito daga Jami'ar Southampton a 2004 ya ɗaura irin waɗannan na'urori kusa da ƙafafun jiragen ƙasa, suna cin girgizar tafiya suna ba da labarin lafiyar ƙafafun. Kamfanin Hitachi ya saye shi a 2021. Wuri ne da jan waya ke da wuya, rana ba ta shiga, girgiza kuma ba ta yankewa muddin jirgi yana tafiya.

Wata ɗaliba ta taɓa kayar da ni a kan wannan. Na ce a ɗaura na'urar gano hayaƙi mai guba a jikin janareta, tunda hayaƙinsa yana kashe iyalai cikin barci. Ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai janareta wuta yake bayarwa, me ya sa ba za a jona ba kawai?" Na ce gaskiyarki, 'yata. Injin niƙa mai dizal shi ne misalin da ya kamata in kawo, wanda ke yini yana kaɗawa cikin ƙura da hayaƙi, ba ko ƙwan lantarki a ɗakin.

Batun gada ya fi wuya, kuma ya fi shafarmu. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, kuma mutanen bakin Binuwai sun san fargabar da ake shiga duk lokacin da aka ce za a saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru. Na'urar da ke auna tsayin kogi a ƙarƙashin gada, tana cin girgizar tireloli, abu ne mai daɗin ji. Sai dai gada tana kaɗawa a hankali, kuma ba bisa tsari ba. Mafi muni, ranar da ruwa ya yanke hanya motoci za su daina wucewa, wato na'urar za ta rasa abinci a ranar da aka fi bukatar muryarta. A irin wannan wuri ni dai rana zan zaɓa. Allon sola mai faɗin tafin hannu yana iya ba da rabin wat da tsakar rana, ninki 5,000 na misalinmu. Yana da nasa aibu, ƙurar hunturu tana rufe shi, ɓarayi kuma suna hango shi daga nesa. Idan za a sa girgiza a can, to ta zama mataimakiya, tare da ma'ajiyar wuta mai kai kwanaki.

Ina roƙon 'yan ƙungiyar JETS su gwada abin da hannunsu a zango mai zuwa. A ciro faifan fiyezo daga tsohon agogo mai ƙararrawa, a manna shi a gindin ruwan zarton ƙarfe, a ɗaura noti a bakinsa, a matse gindin a jikin famfon da ke ba ɗakunan kwana ruwa. A jona mita, a riƙa rage tsawon zarton kaɗan-kaɗan ana rubuta abin da mita ta nuna, har a sami tsawon da allura ta fi tashi. Yawancin faya-fayan nan suna da dalma a cikinsu, don haka ban da sa su a baki, kuma a wanke hannu bayan an gama. Wanda ya fara kunna ɗan ƙwan LED da girgizar famfon ya zo ofishin malamai ya same ni, akwai sabon akwatin lissafi yana jiransa.