Ramukan Titinmu Ba Filin Tallar Jif Ba Ne

Maganar da ake ta raɗe-raɗi a majalisu ta fito fili. Wani dillalin motoci ya nemi a ba shi unguwarmu ta Sabo ya yi bikin ƙaddamar da sabuwar jif, irin manyan nan masu ja da ƙafa huɗu, ya gayyato 'yan jarida daga Legas da nan Ibadan. Wasu daga cikinmu har sun fara murna, wai za a ga Sabo a talabijin. To, kafin a kafa rumfa a jera kujeru, bari mu yi wa juna gaskiya.

Ga wanda bai taɓa ganin irin wannan biki ba, ga yadda yake. Ana lulluɓe motar da ƙyalle, manaja ya yi jawabi, a yaye ƙyallen ana tafi ana ɗaukar hoto. Daga nan a zuba 'yan jarida a ciki a kai su gwaji. Da yake motar jeji ce, dole a nuna ta tana keta laka, tana hawa tudu, tana faɗa wa rami tana fitowa. A wasu wuraren kamfani ne ke kashe kuɗinsa ya haƙa ramuka, ya tara ƙasa, ya kwararo ruwa don a sami taɓo. Bayan an ci an sha, a miƙa wa kowane ɗan jarida takardar da aka riga aka rubuta, sau da yawa har da ambulan na kuɗin mota. Washegari ka buɗe jaridu uku ka tarar da labari ɗaya, kalma bisa kalma.

Yanzu sai mu tambayi kanmu: me ya sa Sabo? Ibadan cike take da otal-otal da manyan ɗakunan taro. Dalili biyu ne, kuma babu na alheri a ciki. Na farko, a nan ba sai ya haƙa rami ba, mun tanadar masa kyauta. Lungunan da damina ta cinye, lambatun da ya toshe yake amai a kan hanya, gargadar da ke karya wa 'yan acaɓa ƙugu, su ne filin gwajinsa. Na biyu, ya ji an ce Sabo matattarar 'yan canji ce, yana hangen aljihun alhazai. Wato talaucin unguwa ya zama ado a hoto, masu kuɗin unguwa su zama kasuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada wani ya ce hassada ce. Wanda Allah ya hore wa, ya nemi halalinsa ya fitar da zakka, ya sayi Land Cruiser ko Lexus, Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Motar ma ba ta yi laifi ba. Asalin irin waɗannan motoci na aiki ne: Land Rover ta fito a 1948 don manoman Ingila, Toyota ta fara tata a 1951, kuma har gobe da irinsu ake kai allurar rigakafi da magani ƙauyukan da kwalta ba ta je ba. Abin da muke ƙi shi ne yadda a ƙasar nan ta koma hanyar da babba ke bi ya tsallake matsalar da ya kamata ya gyara. Mun gani a 2023, watanni kaɗan bayan cire tallafin mai, lokacin da aka sayo wa 'yan majalisar tarayya irin waɗannan motoci, jaridu suka ruwaito kowace ta kai wajen naira miliyan 160. Hujjar da aka kawo ita ce, wai hanyoyin mazaɓunsu ba su da kyau. Haba jama'a! Wa aka zaɓa ya gyara hanyoyin? Ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ko bai ci bai sha ba, sai ya yi shekara 190 yana tari kafin ya kai wannan kuɗi. Irin wannan tunani ne ake so mu buga wa ganga a ƙofar gidajenmu.

Masu goyon baya suna cewa za a yi ciniki, masu tsire da masu shayi za su samu. Cinikin yini ɗaya ke nan, kuma waɗannan baƙi da masu dafa abincinsu suke zuwa. A gefe guda kuwa za a toshe hanya tun safe, mai shago ya rasa inda zai sauke kaya, mai Micra ya zagaya, matar da naƙuda ta kama a rasa ta inda za a fitar da ita. Wa zai biya wannan?

Suna kuma cewa sunan unguwa zai ɗaukaka. Wane suna? Hoto biyu ne kacal zai fita daga nan. Ɗaya zai nuna Sabo a matsayin juji, taya tana watsa ruwan kwata, yara ba takalmi suna bin mota a guje. Gobe idan wani jami'i ya tashi neman hujjar rusau, ga ta mun ba shi da hannunmu. Ɗaya hoton kuma zai nuna alhazai cikin manyan riguna suna shafa bodin motar miliyoyi, duniya ta ce ashe Hausawan Sabo a kan kuɗi suke kwana. Wannan gayyata ce ga ɓarayi, kuma itace ne a wutar masu cewa baƙi sun cinye gari. Wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 ya san yadda ƙaramar magana ke zama gobara. Iyayenmu sun zauna a nan sama da shekara 100, suna fataucin goro da shanu, da kawaici da riƙon amana suka sayi mutuncin da muke ci yau. Ba su yi da fankama ba.

Sannan ina amfanin 'yan jarida su shigo Sabo su fita ba su tambayi komai ba sai ƙarfin inji da laushin kujera? Sau nawa muka nemi a zo a ga magudanan ruwanmu? Garin da ya sha ambaliyar Ogunpa a 1980, ya sake shan ta Agustan 2011, ai toshewar lambatu ba abin wasa ba ce a cikinsa. Ba su zo don wannan ba, sai don ƙarfe mai sheƙi.

Saboda haka ga abin da muke kira a kai. Dattawa da shugabannin unguwa su ba wannan dillali haƙuri, ya kai bikinsa otal. Duk alhajin da ke son motar ya san hanyar shagonsa. Idan kuwa an dage sai an yi a nan, to a kira taron unguwa a fili, a karanta sharuɗɗa kowa ya ji: nawa zai biya, a hannun wa, kuma me za a yi da kuɗin. A yashe lambatu a cike ramukan layin da zai bi kafin ranar, ba alkawarin bayan biki ba. Kada a toshe hanyar masallaci ko ta asibiti, kada a ɗauki hoton 'ya'yanmu ba izinin iyayensu. A kuma ware lokaci 'yan jaridar su zauna da masu unguwa da 'yan kasuwa su ji kukanmu.

In ya ji sharaɗin gyaran hanya ya ce ya fasa, shi ke nan, mun gane ramukan ya zo nema ba mu ba. Matasa kuma, don Allah kada a ba ku riga mai tambari da naira dubu biyu ku tsaya a rana kuna yi wa motar wani kirari. Wanda ke da ra'ayi ya zo taron unguwa ya faɗa tun yanzu, kada a bari sai an yi ihu bayan hari.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa shugabanninmu su ji.