Gawo da ɗorawa: tsuntsu na cin ragowar da muka bari

Da rani ya kama, a kasuwannin Matamai, Magarya da Mirya za ka ga ƴaƴan gawo buhu-buhu, masu kiwo na saye. Mata da yara tun asuba suke fita tsinta, wasu ma da gora suke kakkaɓowa tun ba su faɗo ba. Haka ɗorawa a wajen Gaya, kalwa ta zama kuɗin daddawa. Wannan abin rufin asiri ne, ba mai musu. Amma mi ke saura a ƙasa da zai tsiro?

Ɗan abin da ya saura kuwa yana da masu jira: kurciya, hasbiya, fakara da zabin daji, ban da ɓeraye da ƙwarin da ke huda iri. Tun kaka da kakanni suna cin rabonsu, daji bai ƙare ba, don iri yana zuba da yawa har ya fi ƙarfin cikinsu. Yanzu da mutum ke kwashe mafi yawa, cikin tsuntsu bai ragu ba, sai ya share ragowar. Kada dai a ɗora wa jan baki laifin nan, shi hatsi da irin ciyawa yake bi. Wasu tsuntsayen ma masu shuka ne: dubi bedi da ke fitowa inda ba wanda ya dasa shi.

Wani zai ce ai sassaben zamani ya dawo da itatuwa. Gaskiya ne. Tun da aka fara shi a Maraɗi a 1983, an kiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5. To amma da yawansu daga tsofaffin kututture da saiwoyi suka toho, wato gadon irin da ya faɗi shekaru da dama baya. Ku leƙa ƙarƙashin kuka ko ɗorawar garinku, ƙanana nawa za ku ƙirga?

Gawo yana da sa'a guda: irinsa mai tauri ne, yana bi ta cikin saniya ko akuya ya fito a shirye ya tsira. Wanda ya kai takin garke gona, ya kai gawo ke nan, in hauya ba ta sare shi ba lokacin noma. Kalwa ba ta da wannan gatan, tukunya take shiga a dafa. Mai ɗorawa sai ya ware tiya guda kafin ya sayar, ya binne da saukar damina inda baki ba zai kai ba, ya kewaye tsiron da ƙaya saboda awaki.