Kasafin Karaye da Rogo: A Karanta Mana Shi a Fili

Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kuɗin ƙananan hukumomi 774 su riƙa shiga hannunsu kai tsaye, ba tare da biyawa ta asusun haɗin gwiwa da jihohi ba. Mun yi murna. Amma manomin Zarewa ko na Fulatan da motar masararsa ke maƙalewa a taɓo duk damina, abin da yake son ji shi ne nawa ya shigo ƙaramar hukumarsa ta Rogo bana, kuma ina aka kai shi. Haka mai noman rani a gefen madatsar Challawa a Karaye, wanda ake karɓar harajinsa duk ranar kasuwa. Albashin malaman firamare da ma'aikatan asibiti na cinye kaso mai tsoka, wannan gaskiya ne, kuma ba na ƙyashinsa. Ragowar fa? Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, a ƙarshen kowace shekara kansila ya tara mutanen mazaɓarsa a ƙofar gidan dagaci, ya karanta lissafin da Hausa: rijiya nawa aka haƙa, aji nawa aka rufe da kwano, nawa ya rage.