Abin Lura Cikin Halitta: Hoton Dabbar da Aka Yi wa Laƙabi da Lalaci

 

Kwanakin baya ɗiyar yayana ta kawo mini littafinta na lakkol, ta nuna mini hoton wata dabba mai dogayen hannuwa tana reto a jikin reshe, bayanta na kallon ƙasa, fuskarta kamar ta mai murmushi. Ta ce: “Baba, mene ne sunanta da Hausa?” Na ce Bahaushe bai raɗa mata suna ba, domin gidanta kurmin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, irin su Kosta Rika da Panama da Birazil da Peru. Da Faransanci ana ce mata paresseux, wato malalaci, to mu ma sai mu kira ta malalaciya. Yarinyar ta ce in Allah Ya kai ta can, sai ta rungume ta an yi musu hoto. Wannan maganar tata ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Suna linzami ne, kuma wannan sunan ya daɗe yana jan mutane zuwa ga raina ta. A ƙarni na 18 masanin halittu na Faransa, Buffon, ya lissafa ta cikin mafi tawayar halittu. Binciken da ya biyo baya ya nuna shi ne bai fahimce ta ba. Abincinta ganye ne mai ƙarancin amfani, wanda kan yi makonni cikinta na narkar da shi, don haka Ubangiji Ya hore mata tattalin ƙarfinta. Tafiyarta ta sannu, irin ta hawainiya, ita ke ɓoye ta daga idon gaggafa da damisar ƙasar, gansakukar da ke tsira a gashinta kuwa ta mayar da ita launin ganye. Ko yawan barcin da ake jingina mata, binciken da Niels Rattenborg da abokan aikinsa suka wallafa a 2008, daga tsibirin Barro Colorado na Panama, ya gano na daji ba su cika awa 10 suna barci a yini ba, alhali waɗanda aka tsare sukan kai wajen awa 16.

To, mai son ɗaukar hotonta a daji, aikinsa na farko shi ne ya gan ta. A gandun dajin Cahuita ko na Manuel Antonio da ke Kosta Rika, baƙo kan wuce ta ƙarƙashinta ya zaci tarin busasshen ganye ne, sai ɗan jagora da ya san itatuwan da take so ya nuna masa. Daga nan sai ya kafa kyamara a kan mariƙinta mai ƙafa uku, ya ɗaura dogon gilashi mai jawo nesa kusa. Ƙarƙashin kurmi haske kaɗan ne, in kuwa ya ɗaga kyamara sama hasken sararin samaniya ya dushe dabbar ta fito baƙa ƙirin, ga laima na sa gilashi ya yi hazo. Bayan duk wannan sai jira, wani lokaci awoyi, har ta ga dama ta juyo da fuska. Mai yatsu uku daga cikinsu tana da ƙasusuwan wuya 8 zuwa 10, alhali raƙumin dawa da duk tsawon wuyansa 7 gare shi, shi ya sa takan juya kai ta kalli bayanta ba ta motsa jiki ba.

Kusan sau ɗaya a mako take saukowa gindin itace don biyan buƙata, kuma nan ne ta fi shiga haɗari. Mai hoto na ƙwarai yakan ja da baya a wannan lokaci, ya yi shiru, ba ya haska ta da fitila, ba ya girgiza reshe. Sau da yawa yakan koma masauki hannu rabbana, gobe ya sake fitowa. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai kuma hoton gaggawa, wanda ɗiyata ke buri. A 2017 ƙungiyar World Animal Protection ta fitar da rahoto a kan yadda ake kamo waɗannan dabbobi a yankin Amazon, wajen Manaus a Birazil da Puerto Alegría a Peru, ana miƙa su hannu zuwa hannu ga ƴan yawon buɗe ido don hoto. Sau da yawa ƴaƴa ake rabawa da uwayensu, kuma ba sa daɗewa a tsare suke mutuwa. Murmushin nan da ke ruɗar mutane ƙirar fuskarta ce kawai, yana nan ko tana cikin firgita. A ƙarshen wannan shekara Instagram ya fara gargaɗin masu neman irin waɗannan hotuna, a 2019 gwamnatin Kosta Rika ta shiga gangamin hana su, a 2021 kuma ta sanya dabbar cikin alamomin ƙasarta.

Mu Musulmi wannan ba sabon darasi ba ne. Ya zo a hadisi cewa wasu sahabbai sun ɗauke ƴaƴan wata tsuntsuwa a kan hanyar tafiya, uwar ta zo tana kaɗa fukafukai, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a mayar mata da su. Haka nan labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu. In dabba na da haƙƙi a kanmu haka, to hoton da aka samu ta hanyar raba uwa da ɗanta yana da nauyin da za a tambayi mai shi.

Ƙalilan ne cikinmu za su taka kurmin Amurka, amma waya mai kyamara ta shiga kusan kowane gida. Yaro ya ɗaure tsuntsu da zare don ya ɗauke shi hoto, ko mu biya mai wasa da biri ya ɗora wa yaro shi a kafaɗa, duk tafiyar ɗaya ce. Na ce wa ɗiyata ta sake duban hoton littafinta: dabbar tana kan reshenta, babu hannun kowa a jikinta, kuma abin da ya sa ya yi kyau ke nan. Iyaye, mu koya wa yara su kalli halittar Allah su yi tasbihi, su bar ta inda suka same ta.

Allah Ya sa mu zama masu jin ƙan bayinSa, masu magana da marasa magana.